Wata bakwai: Indiyawa na saka awarwaro, mu muna kai goyon ciki

Duk mai kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin wannan: mace mai ciki a zaune an caɓa mata ado, mata sun kewaye ta suna waƙa, ana zuba mata 'ya'yan itace da alewa a cinya. Da yawanmu mun ɗauka shagalin fim ne kawai. Alhali tsohuwar al'ada ce ta mabiya addinin Hindu, ɗaya daga cikin bukukuwa 16 da suke yi wa mutum tun daga shigar cikinsa har ranar da za a ƙone gawarsa. A tsofaffin littattafansu sunanta Simantonnayana, wato tsaga gashin kai. Miji ne da kansa yake tsayawa ya tsaga wa matarsa gashi daga goshi zuwa baya har sau uku, a da ma da ƙayar beguwa, ana karanta addu'o'insu na neman tsari ga abin da ke ciki.

A arewacin Indiya ana ce wa bikin godh bharai, cika cinya ke nan. A kudu, ƙasar Tamil, awarwaron gilashi ake jera mata a hannu, wai jariri yana jin ƙararsu. Galibi a wata na bakwai ake yi, kuma a wurare da yawa, in cikin fari ne, ana tashi daga bikin iyayenta za su tafi da ita gida ta haihu a gabansu.

To wannan na ƙarshen ai namu ne sak. Goyon ciki ke nan. Mu dai ba mu yin taro, don Bahaushe ɓoye ciki yake yi saboda baki da kunya, ballantana na ɗan fari. Tsarinmu addu'a ce, da rubutun sha daga wurin malam. Amma lissafin watan ɗaya ne: ciki ya kai bakwai, a mayar da yarinya gidan iyayenta, miji ya aika da gero da itace da kayan yaji, ta zauna har ta haihu ta gama wankan jego. Fulanin da muke zaune da su a nan Arewacin Kamaru ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Hikimar a fili take. Yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, wadda ke jin nauyin surukarta, a gaban uwarta ne kawai za ta iya cewa "Inna, nan ke mini ciwo."

Sai dai waɗanda suka kafa al'adar nan, gidan iyaye a unguwa ta gaba yake, ko ƙauyen da za a je a dawo a yini guda. Mu da fatauci ya zaunar a Guider, gidan iyayen yana Kano ne, ko Katsina, ko Maraɗi. Garoua kaɗai kusan kilomita 100 ce daga nan, kuma ba a ma fara tafiyar ba. Ko ta Mubi aka bi ko ta Yola, akwai iyaka, akwai shingaye, akwai ramuka, in damina ce kuma ga mayo ya cika. A ɗora mace mai cikin wata bakwai a wannan hanya, wallahi ba gata aka yi mata ba.

Akwai kuma batun awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, kuma yawancin waɗannan zuwan a watannin ƙarshe suke, daidai lokacin da muke ɗauke ta. A nan ne ake kama hawan jini, wanda ke kawo jijjiga, a nan ake ba da Fansida da maganin ƙarin jini. Katin awonta na Guider da Faransanci aka rubuta. Unguwar zoma ta asibitin Kano Turanci ta karanta. Sau da yawa katin nan a ƙasan akwati yake ƙarewa, yarinya kuma ta haihu a ɗaki, don "ai gida ta zo". Wanda ya saya wa matarsa takardar chèque santé ta sefa 6,000, wadda ta ɗauke kuɗin awo da haihuwa har da tiyata in ta kama, ya sani cewa da an tsallaka iyaka ta zama takardar banza.

Ban ce a bar goyon ciki ba. Abin da ake nema shi ne uwa a kusa da 'yarta, ba sai lalle 'yar ce za ta yi tafiyar ba. Kuɗin motar da za a kashe, a aika wa tsohuwa ta zo ta yi wata uku. In ba ta iya zuwa, ba a rasa dattijuwa a cikin Hausawan gari da za ta tsaya a matsayin uwa. Kakanninmu fatake haka suka yi a zanguna. Wanda kuma surukansa suka kafe sai an kawo ta, to a tafi tun ciki na wata biyar, kuma a buɗe sabon katin awo a makon da aka sauka.

Tsohuwar ma, in ta zo, a lallaɓa ta a kan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da gado mai wuta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A sassauta hannu, ga kunun gyaɗa ma.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a bikin Indiyawan nan shi ne mijin yana wurin, a gaban kowa. Ibadarsu tasu ce, ba ruwanmu da ita. Amma mu kunya ta sa maigida ya aika da buhun gero ya koma rumfa, ya ɗauka ya gama nasa. A Kano hakan zai wuce, don akwai gwaggo da inna da yaya. A Guider, in naƙuda ta tashi ƙarfe biyu na dare, shi ne zai nemo mota, shi za a tambaya rukunin jininta, kuma shi ne zai je ofishin magajin gari ya karɓo takardar haihuwar da za a nemi yaron da ita ranar jarrabawar CEP.