Masu Sauke Inji

Wanda ya sayi injin niƙa, ko babban janareta, ko injin sassaƙar ƙarfe da zai kafa a shagon ƙofar gidansa, yakan ɗauka wahala ta ƙare ranar da ya biya kuɗi. Dillali ya karɓi la'adarsa, an yi lodi a Ƙofar Ruwa ko Sabon Garin Kano ko Fanteka ta Kaduna, mota ta iso bakin lungu. Alhali kuwa aikin da ya fi haɗari yanzu zai fara. Daga bodin mota zuwa ƙasa bai fi mita guda ba, daga mota zuwa mazaunin inji wataƙila taku ashirin. A wannan ɗan tsakanin ne yatsa ke guntulewa, ƙafa ke karyewa, inji sabo fil ke tsagewa tun bai kawo ko sisi ba.

Akwai mutanen da wannan ɗan tsakanin shi ne abincinsu. Wasu 'yan dako ne da suka daɗe a kasuwar ƙarafa har suka ƙware, wasu makanikan inji ne masu kai kaya su kafa, wasu kuma yaran motar Hiab mai ƙugiya. Idan sun zo, ba za ka ga wani abin mamaki a hannunsu ba: doguwar sandar ƙarfe, bututu uku ko huɗu masu kauri ɗaya, guntayen katako, jak, sarƙa, bel, waigi, sai cen-bulok idan aikin babba ne. Abin da suka fi jama'ar gari da shi yana cikin kansu.

Babbansu yakan fara da tambayar da mai kaya bai cika sanin amsarta ba: "Alhaji, kilo nawa ne?" Zai duba ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin. Idan ya goge ko babu, sai ya kimanta da buhun siminti, tunda kowa ya san buhu kilo 50 ne. Ƙarfe yana yaudarar ido. Dunƙulen ƙarfe mai mita guda tsawo da faɗi da kauri yana kusantar kilo 8,000, shi ya sa abin da ka raina girmansa zai iya kai buhu goma. Ɗauki injin Lista mai silinda ɗaya, wanda ya daɗe yana juya injinan niƙa a garuruwanmu. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya daina ƙera shi a 1987, amma masana'antun Rajkot a Indiya sun ci gaba da yin irinsa. A tsaye bai kai ƙirjin mutum ba, nauyinsa kuwa ya haura kilo 300. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara tun 1967 cewa kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. A lissafi ke nan mutum shida za su iya da Lista. A aikace babu inda mutum shida za su samu mariƙa mai kyau a jikinsa, kuma da zarar ya karkata, nauyin yakan tattaru kan mutum biyu.

Karkatar nan ita ce tambaya ta biyu, kuma a ganina ita ce zuciyar sana'ar: a ina nauyin yake zaune? Injin sassaƙar ƙarfe dogo ne, gindinsa siriri, nauyinsa a sama kuma a gefen kai. Injin huda ƙarfe mai tsayi da injin casar shinkafa duk haka suke. Irin waɗannan ba sa gargaɗi. Suna tsaye daram, ƙafa ɗaya ta hau ɗan dutse, sai su kife a ƙiftawar ido. Saboda haka gwani yakan rage musu kai kafin a taɓa su. Duk abin da ke kwancuwa a kwance shi: mazurari, moto, murfi, manyan ƙafafun juyi na Lista idan da hali. Janareta a zuke masa mai, a cire batir. Kwamfaresa a saki iskar tankinta. Sannan a ɗaure gindin injin da noti a kan katako biyu masu kauri waɗanda suka fi shi faɗi, domin gindi mai faɗi ba ya saurin kifewa.

Kafin a kwance igiyar mota, babban yakan taka hanyar da ƙafarsa, daga bakin titi har cikin shago. Yana auna faɗin ƙofa, yana duba dokin ƙofa, yana ƙwanƙwasa murfin lambatu. Kuma yana tambayar abin da matasa ba sa tunawa da shi: "Ina sokawe yake?" Gidajen birni da yawa sun haƙa ramin sokawe a ƙofar gida ko a soro, an rufe shi da siminti mara kauri wanda aka yi domin tafiyar mutane. Tayar mota mai kaya, ko jak da ya tara rabin tan a wuri ɗaya, zai iya burma shi. Inda ƙasa ke da laushi ko daɓe ke da rauni, sai a shimfiɗa katako don nauyin ya bazu.

Saukowa daga mota iri-iri ce. Mai hali ya ɗauko Hiab, motar nan mai ƙugiya da ta samo sunanta daga kamfanin Suwidin da aka kafa a 1944. Tana gama aikin cikin mintuna, amma lungunanmu ba duka take shiga ba, kuma idon direba dole ya kasance a sama, don wutar babban layi mai kilobolt 11 tana iya tsallakowa kan ƙarfe tun bai taɓa waya ba. Inda Hiab ba ta shiga, akan kafa ƙarafa uku a rataya cen-bulok, a ɗaga injin ɗan kaɗan, mota ta ja gaba, a sauke shi a hankali. A ƙauye kuwa akwai dabarar da ta fi min kowacce: a haƙa gangare mota ta shiga da baya har bodinta ya yi daidai da ƙasa, ko ta jingina da tudu yadda ake lodin shanu a kara. An kashe tsayin mita gudan nan gaba ɗaya da shebur.

Idan ba makawa sai gangaren katako, tsawonsa ne magana. Bodi mai tsayin mita guda, katako mai mita 2, rabin nauyin injin ne ke jansa ƙasa. Katako mai mita 4, kashi ɗaya cikin huɗu. Ko a hakan, inji mai kilo 400 yana fizga da ƙarfin kilo 100, don haka daga sama ake riƙe shi, da igiyar da aka naɗa a ƙarfen mota ana saki kaɗan-kaɗan. Ba a tsayawa a gabansa a tare shi da ƙirji. Turo inji ya faɗo kan tsofaffin tayoyi kuwa, wannan dabarar sauke duro ce. Yawancin jikin inji ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma duk mai walda ya san wuyar ɗinke shi.

Wani abu da gwanaye suka sani a hannu, ko da ba su karanta shi ba, shi ne buɗewar sarƙa. Sarƙa biyu da suka sauko kusan a miƙe, kowacce rabin nauyi take ɗauka. Idan gajeru ne aka baje su har suka kusa kwantawa, nauyin kowacce yana ƙaruwa. A buɗewar digiri 120, kowace ɗaya tana ɗauke da nauyin injin gaba ɗaya. Nan ne sarƙar da "ta saba ɗauka" ke tsinkewa. Shi ya sa ake ɗagawa tsayin yatsu huɗu, a tsaya, a ga ko ya zauna daidai, kafin a ci gaba.

Da inji ya taɓa ƙasa, sauran aikin na haƙuri ne. A sa sanda a ƙarƙashi, a tokare ta da guntun katako kusa da bakinta, a danna. Sanda mai mita ɗaya da rabi da aka tokare santimita 10 daga baki tana ninka ƙarfin mutum sau 14. A ɗaga kaɗan, a cusa katako, a ƙara ɗagawa, a ƙara katako, har bututu ya shiga. Sannan a gara, bututun da ya fita ta baya a dawo da shi gaba. Hannu ba ya shiga ƙarƙashi, da sanda ake tura katako. Jak kuma ɗagawa ne aikinsa, ba a barin kaya a kansa. Takalmin soso ba na wurin nan ba ne.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne mu, jama'a. Mota ta tsaya, matasan unguwa sun fito da zuciya ɗaya, kowa na cewa a kama. Halin kirki ne, kuma a ɗaukar buhuna sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A inji kuwa mutum goma masu baki goma sun fi ramin sokawe haɗari. Gwani yakan sallame su da girmamawa: "Samari, Allah ya saka da alheri, ku kore mana yara kawai." Ya bar mutum uku ko huɗu da ya sani. Murya ɗaya ce ke cewa a ɗaga, a saki, a sa waigi. Kalmar "tsaya" kaɗai ce kowa ke da ikon faɗa, kuma da an faɗe ta kowa ya tsaya. Kowane yaro an nuna masa inda zai tsallake idan kaya ya taho, an kuma gaya masa cewa injin da ya fara faɗuwa ba a tare shi.

Yana ɓata min rai yadda muke biyan waɗannan bayin Allah. Mutum ya zuba miliyoyi a inji, sai ya tsaya yana ja-in-ja kan kuɗin sauka, don a idonsa dako ne kawai. Su kuma ba albashi, ba inshora. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan, amma wanda ake ɗauka aikin yini a bakin kasuwa da wuya ya ji ƙamshinta. Idan ƙafa ta karye, daga mai ɗori sai Asibitin Ƙashi na Dala, da kuɗin aljihunsa da gudummawar abokan aiki. Ciwon baya da ƙaba kuwa a hankali suke zuwa, shekaru bayan an manta da wane inji ne ya jawo su. Mai kaya da ya ƙara musu kuɗin hayar cen-bulok, ya haƙura aka yi aikin da rana maimakon bayan magariba, ya sauke wani hakki da ke wuyansa.

Akwai shawarar da sukan bayar idan an neme su da wuri, wato a zuba mazaunin inji tun kafin a sayo shi. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, a mako guda bai wuce kashi biyu cikin uku ba. Lista mai girgiza da aka ɗaure kan ɗanyen kankare yakan sassauta notinansa cikin 'yan watanni, sai a sake kiran su su ɗaga shi, a fasa, a zuba sabo, a biya kuɗin sauka karo na biyu.