Yadda Ake Kula da Yakuwa a Garkar Gida

Yakuwa, wadda wasu ke kira sure, shuka ce da kowa ya sani a ƙasar Tasawa da Mayahi. Sau da yawa ana watsa ta a gefen gonar hatsi, a bar ta ba kulawa. Amma idan kuka shuka ta a garkar gida, kuka kula da ita, za ta ba ku abu uku: ganye domin miya da kwaɗo, soɓorodo domin sha da sayarwa, da gurguzu domin daddawar batso da irin baɗi. Kowanne yana da lokacinsa. Wanda ya kiyaye lokacin shi ne ke samun dukkan ukun.

Amfaninta ga iyali

A watannin Yuli da Agusta rumbu yakan yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da ƙarancin abinci na shekarar 2005 ba, wanda ya fi taɓa ƙananan yara. Ganyen yakuwa ba ya maye gurbin hatsi, amma yana samuwa tun a tsakiyar damina, kuma yana ɗauke da bitamin C da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen yin jini.

Zaɓen wuri

Yakuwa tana son rana sosai. Kada ku shuka ta ƙarƙashin itace. Ƙasar jigawa irin tamu tana yi mata kyau idan an sa taki. Abin da ba ta so shi ne ruwa mai kwanciya, domin yana ruɓar da saiwarta. Idan garkarku tana cikin kwari, kamar a kusa da Gulbin Kaba, ku tada kunya ku shuka a kanta.

Ku guji wurin da aka shuka kuɓewa, rama ko auduga bara. Danginsu ɗaya da yakuwa, ƙwarinsu da cututtukansu ma ɗaya ne. Ku kewaye wurin da darni ko ƙaya saboda awaki.

Lokacin shuka

Ku shuka da zarar damina ta zauna, a watan Yuni ko farkon Yuli. Ga dalili: yakuwa ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wato daga Satumba zuwa Oktoba. Ko an shuka ta da wuri, ko an makara, kusan lokaci ɗaya za ta yi fure. Wadda aka shuka da wuri ta riga ta yi tsawo da rassa masu yawa. Wadda aka makara za ta yi fure tana gajera, soɓorodonta kaɗan.

Yadda ake shuka

1. Ku jiƙa irin cikin ruwa ya kwana.
2. Ku haƙa ramuka, tsakanin rami da rami santimita 70 zuwa 80, wato kimanin kamu ɗaya da rabi.
3. Ku zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi cikin hannu biyu a kowane rami, ku cuɗa da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro.
4. Ku sa ƙwaya 3 ko 4, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ku rufe.
5. Irin yakan tsiro cikin mako ɗaya. Bayan mako 3 ku rage, ku bar tsiro 2 mafi ƙarfi. Wanda kuka cire ya shiga miya.

Kulawa a damina

Ku yi noma sau biyu ko uku a watan farko, domin ciyawa tana rinjayar ƙaramar yakuwa. Idan ruwan sama ya ɗauke fiye da kwana 10, ku ba ta ruwa da marece, ko da na wanke hatsi ne. Idan ta kai gwiwa, ku tsinke kanta domin ta yi rassa.

Ana fara tsinkar ganye bayan mako 6 zuwa 8. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ganye ne ke ciyar da shuka, kuma yakuwar da aka tsige ƙwarai ba ta ba da soɓorodo mai kauri. Saboda haka ku raba garkar biyu: layin ganye, wanda za ku iya shukawa kusa da kusa, da layin soɓorodo, wanda za ku daina taɓa ganyensa da zarar ya fara fure.

Maganin ƙwari

Akwai ƙananan ƙwari masu tsalle da ke huda ganye, da wasu jajaye masu tsotsar iri. Ku barbaɗa toka da sassafe tun akwai raɓa. Idan sun yi yawa, ku daka ƙwayar dogon yaro, wanda ake kira bedi, rabin kilo, ku jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, ku tace, ku yayyafa da marece. Ku maimaita bayan mako ɗaya. Ku wanke ganye sosai kafin dahuwa. Duk shukar da ta yi yaushi alhali ƙasa na da laima, ku tuge ta ku ƙone.

Girbi da shanya

Soɓorodo shi ne jar rigar da ke rufe ƙwanson iri. Yana nuna mako 2 zuwa 3 bayan furen ya faɗi. Ku yanka da wuƙa, ku cire ƙwanson tun yana ɗanye. Ku shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa, ba a ƙasa ba, domin rairayi yana karya masa daraja. Inuwa mai iska ta fi kiyaye launinsa. Ya bushe idan yana karyewa a hannu. Sai ku zuba a buhu, ku ajiye inda babu laima.

Soɓorodo mai tsabta yana da masaya. Ana shan sa a Senegal da sunan bisap, a Sudan da Masar da sunan karkade. Daga arewacin Nijeriya ana fitar da shi har ƙasar Meziko.

Ajiye iri

Ku zaɓi shukoki 4 ko 5 mafi lafiya, ku bar su har ƙwanson ya bushe ya fara tsagewa. Ku sussuke, ku shanya, ku ajiye gurguzun cikin gora ko kwalba tare da ɗan toka. Ku ware irin ja dabam da na fari. Ku fara cire irin baɗi, sauran ya tafi daddawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa yakuwar da aka makara shukawa ba ta ba da soɓorodo da yawa?
2. A garkarku, ina za ku sa layin ganye, ina kuma layin soɓorodo?
3. Wa ke da iri mai kyau a garinku, kuma yaya za ku yi musaya kafin ruwa ya sauka?