WA YA GIRMI WANI: MOTHER INDIA KO MUGHAL-E-AZAM?

A tara matasa masu son finafinan Indiya, a sa masu Mother India, a biyo da tsohon kwafin Mughal-e-Azam, sannan a tambaye su wanne ya riga fitowa. Da yawa za su rantse na biyun ne. To, sun faɗi! Mother India ya fito a 1957, Mughal-e-Azam kuwa sai 1960. Kala ce kawai ta ruɗe su, domin na farkon mai kala ne, na biyun kuma akasarinsa baƙi-da-fari.

Ba laifin 'yan kallo ba ne kacokan. Daraktocinmu na Hausa ma sun taimaka: da zarar jarumi ya yi tagumi zai tuna baya, sai a zare wa hoton kala. A haka ido ya saba, har ya zamana duk fuskar da aka gani a baƙi-da-fari ta kakanni ce.

Wadda abin ya fi cuta ita ce Madhubala, wato Anarkali ta cikin fim ɗin. Shekarunta 27 kacal lokacin da ya fito, kuma ba ta taɓa tsufa ba, don ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Amma yaro ya ga hotonta sai ya ce "tsohuwar jaruma", ya wuce abinsa. Abin takaici!

Shi kansa darakta K. Asif ya hango haka. Bayan ya ɗauki rawar nan ta ɗakin madubai da kala, ya ga yadda ta fito, sai ya nemi ya sake ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya. Masu rarraba fim suka ce atafau, sun gaji da jira, don aikin ya riga ya ci shekaru.

A Nuwamba 2004 aka maido da shi sinima bayan an zuba masa kala da kwamfuta. Labarin bai canza ba, 'yan wasan su ne dai, amma sai ga Dilip Kumar ya koma ɗanyen saurayi a idon matasa, alhali a lokacin dattijo ne mai shekara 81. Shi kuwa Asif bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1971.