Tsohuwar Land Cruiser: inda take lalacewa da abin da take ci bayan an saye ta

Daga Agadas zuwa Abeche, daga Marwa zuwa Kuseri, duk inda kwalta ta ƙare akan ga mota iri ɗaya tana ci gaba da tafiya: Toyota Land Cruiser, wadda mutanen ƙasashen da ake jin Faransanci ke kira kat-kat. 'Yan kasuwa, dillalan dabbobi da masu jigilar fasinja zuwa kasuwannin ƙauye da yawa suna burin mallakarta. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun galibin mutane, shi ya sa ake komawa ga wadda ta shekara 20 ko 30 tana aiki. Sai dai kuɗin saye somin-taɓi ne, kuma wanda bai yi lissafin abin da zai biyo baya ba yana iya ganin jarinsa a kan duwatsu a bakin gareji.

Dalilin da ya sa ake son ta

Kamfanin Toyota ya fito da samfurin 70 a 1984, samfurin 80 kuma ya yi zamaninsa daga 1990 zuwa 1997. Sunan motocin kamfanin ya yi tambari a yankin tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har ake yi wa laƙabi da yaƙin Toyota saboda rawar da suka taka a cikin sahara. Injin da aka fi samu a tsofaffin nan shi ne 1HZ, mai silinda 6 da girman lita 4.2, wanda ke shan gazuwal, wato dizal. An fara ƙera shi a 1990. Ba shi da turbo, kuma famfon mansa ba ya dogara da kwamfuta, don haka makanike mai hannu yana iya gyara shi da kayan aiki na yau da kullum. Sirrin daɗewarta ke nan: tana lalacewa kamar kowace mota, amma tana gyaruwa kusan ko'ina.

Zafi da kan inji

Babban abokin gabar wannan inji shi ne zafi. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawa suna toshe lagireto ta waje, ruwan rijiya kuma yana tara tsatsa da gasari ta ciki. Fankar injin tana da wani haɗi mai ɗauke da man silikon. Idan ya tsufa, fankar tana juyawa a ido amma ba ta jan iska sosai. A lokacin bazara, cikin rairayi, da lodi fiye da kima, allurar zafi takan hau, kuma tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙona gasket ko ta tsaga kan injin, wanda makanikai ke kira kulas. Wasu kan ɗaura wa 1HZ turbo don ƙarin ƙarfi, amma idan ba a daidaita man da kyau ba zafin na ƙaruwa, fistin ya tsage.

Bel ɗin da ba a gani

Injin yana da bel mai haƙora da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul. A tsofaffin samfura ana sauya shi duk kilomita 100,000. Bel ɗin ba shi da tsada idan aka kwatanta da ɓarnarsa: in ya tsinke ana tafiya, fistin na iya dukan bawul, aikin rabin yini ya koma buɗe inji. Tun da yawancin tsofaffin motoci ba su zuwa da littafin gyara, kuma ana iya mayar da lissafin kilomita baya, abin da ya fi shi ne a sauya bel ɗin da abin ɗaure shi tun makon farko.

Gurɓataccen mai

Famfon man wannan inji gazuwal ɗin da ke ratsa shi ne ke shafe shi. Idan man ya haɗu da ruwa, ƙasa ko kananzir, kamar yadda kan faru da wanda ake saye a jarka a bakin hanya, famfon da bakunan feshi suna cinyewa a hankali. Alamomin su ne wahalar tashi da safe, baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi a hawa. A ƙasan matatar man akwai wurin da ruwa ke taruwa, kuma zubar da shi aikin minti kaɗan ne. Gyaran famfo kuwa sai a manyan garuruwa inda ake da na'urar gwaji, ga kuɗin aiki ga kwanakin da motar za ta yi a ajiye.

Ƙafafun gaba da ƙasan mota

A kowace ƙafar gaba akwai wani haɗi mai kama da ƙwallo, cike da giris. Idan robar da ke raba shi da man giya ta mutu, sai su cakuɗe su riƙa tsiyaya ta bayan taya. Ƙarar ƙas-ƙas lokacin juya sitiyari na nufin haɗin ya fara ci, rawar sitiyari kuma sau da yawa daga boris ɗin wurin take. Ketare ruwa da damina na ƙara saurin wannan lalacewa. Wani kuskuren direbobi shi ne barin samfurin 70 cikin giyar ƙafa huɗu a kan kwalta, abin da ke takura akwatin raba ƙarfi.

Lodi mai yawa yana karya sifirin, yana kashe shokozoba, wani lokaci har ya tsaga shasi. Motocin da suka shigo daga Turai ta tashoshin Kwatano, Lome ko Duwala kuma suna iya zuwa da tsatsa, saboda gishirin da ake zubawa a hanyoyin can lokacin ƙanƙara. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota dalili ne na a ƙara dubawa.

Lissafin shekara

A kan hanya mai kyau, irin wannan mota kan sha lita 11 zuwa 14 a kilomita 100, a rairayi kuwa fiye da haka. Idan aka ɗauki misalin mai yin kilomita 20,000 a shekara da lita 13, zai sayi lita 2,600. In an ƙaddara lita a kan sefa 700, kuɗin mai kaɗai ya kai miliyan 1 da dubu 820. Injin yana ɗaukar baƙin mai kusan lita 10, kuma a yanayin ƙura ana juye shi duk kilomita 5,000, wato sau 4 a shekara, tare da matatarsa. Sai tayoyi, waɗanda duwatsu da ƙaya ke rage wa kwana, da batir, wanda wasu samfuran biyu suke ɗauka.

Akwai kuma takardu: inshora, binciken lafiyar mota da harajin shekara, wanda a ƙasashe da dama ake lissafawa bisa ƙarfin inji, don haka babban inji babban haraji. Mai ƙetare iyaka yana buƙatar katin inshorar yanki, Carte Brune a ƙasashen CEDEAO, Carte Rose a na CEMAC kamar Kamaru da Chadi. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare kuma, wannan mota na cikin waɗanda ɓarayi da 'yan bindiga suka fi nema, abin da ya kamata mai saye ya sa cikin tunaninsa.

Kayan gyara ma sai da lura. Kasuwanni cike suke da na jabu a cikin kwali mai tambarin kamfani, kuma araha ba ta ado: matatar mai ta jabu tana iya barin datti ya wuce ba tare da direba ya sani ba.

Kafin a biya kuɗi

Ya kamata mai saye ya je da makanikensa, ba na mai sayarwa ba, kuma ya nemi a tada injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi na nuna ƙonewar baƙin mai, farin da ya ƙi tsayawa bayan inji ya ɗumama kuma na iya nuna ruwa na shiga silinda. Kumfa a bakin lagireto ko baƙin mai mai launin madara alamun matsalar kan inji ne. A gwada giyar ƙafa huɗu a kan ƙasa, a shiga ƙarƙashin motar da tocila, sannan a tabbatar lambar da ke jikin shasi ta yi daidai da ta takardar mallaka da ta kwastan.

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar Land Cruiser da aka kula da ita tana iya ƙara shekaru tana ciyar da iyali. Amma wanda kuɗinsa ya ƙare a ranar ciniki, bai bar komai ba don bel, matatu, robobi da wankin lagireto, gara ya ƙara haƙuri ya ci gaba da tari. Gyaran da aka ɗage a cikin gari, a tsakiyar daji ake biyansa, inda babu gareji kuma ruwan sha ƙidayayye ne.