Giyar Hayaƙi a Al'adar Mutanen Bamberg

A arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus akwai yankin da ake kira Farankoniya, kuma a cikinsa ne birnin Bamberg yake, a bakin kogin Regnitz. Tsohon gari ne na mabiya ɗariƙar Katolika, wanda Sarki Heinrich na Biyu ya mayar da shi mazaunin bishop a shekarar 1007, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Sai dai abin da ya fi kai sunan garin nesa shi ne wata baƙar giya mai ƙanshin hayaƙi da suke kira Rauchbier. Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa, babu ja a kai. Amma mai son fahimtar zaman mutanen wannan yanki dole ya dubi yadda suka ɗaure abin shan nan da lokutan shekara, da ibadarsu, da ladubban zaman majalisa.

Hayaƙin ya samo asali ne daga larura. Ana yin giyarsu da sha'ir, kuma kafin a dafa shi sai an jiƙa shi ya yi tsiro, sannan a busar da shi don tsiron ya tsaya. Masu burkutu a ƙasarmu rana suke baza wa tsiron dawa, ta gama musu aiki. A tsakiyar Turai kuwa rana ba ta da wannan ƙarfi a yawancin watanni, saboda haka sai a shimfiɗa hatsin a kan wuta, hayaƙi ya ratsa shi har ya bushe. Shi ya sa giya da yawa a zamanin da take ɗauke da ɗanɗanon hayaƙi, ko an so ko ba a so ba. Da aka ƙirƙiro murhun da ke busar da tsiro da iska mai zafi kawai, musamman a ƙarni na 19, sai masu sana'ar suka rungume shi, don ya fi arha kuma ya rage gobara. Gidaje biyu a Bamberg ne suka ƙi sakin tsohuwar hanya: Schlenkerla, wanda aka fara ambaton gininsa a rubuce a 1405, da Spezial, wanda ya faro a 1536. Har yau su ke busar da tsironsu da kansu a kan wutar itacen bic, wani itace mai tauri da ya cika dazuzzukan yankin, bayan an bar shi ya sha iska ya bushe sosai.

Bayan dafawa, ana zuba wa ruwan wani irin yisti mai aiki a cikin sanyi, sannan a ajiye shi makonni ko watanni ya kwanta. Kafin zuwan injin sanyi, duwatsun garin ne suka yi wannan aiki. Bamberg na zaune a kan tuddai bakwai na dutse mai laushi, mutane suka fafe su suka yi koguna masu tsawo, inda sanyi ba ya canzawa rani da damina. Suka dasa manyan itatuwa a saman kogunan don inuwa ta ƙara kare su. Daga baya aka jera tebura da bencina a ƙarƙashin itatuwan, wurin ya zama dandalin hutawa. Idan zafi ya shigo, iyali gaba ɗaya sukan hau tudu da yamma, a wurare da dama ma an yarda su zo da ƙunshin abincinsu daga gida, abin sha kawai za su saya.

Mai ƙarfin cikin giyar tana da lokacinta. Ta yau da kullum, wadda ake kira Märzen, barasar da ke cikinta ba ta wuce kashi 5 da ɗoriya cikin 100 ba. Amma da kaka ta shigo, daga watan Oktoba, sai a fara bukukuwan fasa gangar Bock, wadda ta fi kauri da ƙarfi. Kowane gidan giya da ranarsa, an kuma tsara ranakun a jere ta yadda jama'a za su bi su ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙarshen shekara. A Schlenkerla tasu ita ce Urbock, mai kashi 6.5. Gab da Kirsimeti sai su fito da wadda ta fi ta ƙarfi, Eiche, mai kashi 8, wadda ake busar da tsironta da itacen ok maimakon bic, hayaƙinta ya fi laushi. Irin wannan mai ƙarfi ana ce mata Doppelbock, kuma tushenta na komawa ga 'yan zuhudun Paulaner na birnin Munich a ƙarni na 17, waɗanda suke shan ta a lokacin azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista, domin a ƙa'idarsu abin sha ba ya karya azumi. Har yanzu Schlenkerla na da giyar azumi ta musamman, daga Larabar Toka, ranar da azumin ke farawa, zuwa Ista.

Ganga ma tana da nata matsayi. A mashayar Schlenkerla, ana ɗora gangar katako a kan kanta, a buga mata famfo da guduma, giyar ta zubo da nauyinta ba tare da an tura ta da iskar gas ba. Saboda haka kumfarta ba ta da kaifi, tana sauka a maƙogwaro a hankali. A al'adar Jamusawa ana shafe cikin ganga da ƙaro don kada katakon ya taɓa ɗanɗanon abin da ke ciki. Al'adar ajiye giya mai ƙarfi na tsawon watanni a gangar da aka taɓa zuba wuski a cikinta, don ta ɗauki ɗanɗanon katako da na fanila, daga Amurka ta yaɗu a shekarun 1990. Wasu ƙananan masana'antu a Jamus sun ɗauke ta, suna haɗa ta da tsiro mai hayaƙi, amma dattawan Farankoniya na kallonta a matsayin baƙon abu.

Shi kansa ɗanɗanawar ba a yin sa da garaje. Ba a kawo mai ƙarfin da sanyi ƙarara, don sanyi na danne ƙanshi. Mai sha yakan ɗaga kofin ya dubi launinsa, baƙi-baƙi mai sirkin ja, da kumfa mai kauri a sama. Sai ya kai hanci, inda ƙanshin naman banda zai fara tarbarsa. Kurɓin farko hayaƙi ne zalla, shi ne ma ke korar baƙi da yawa. A bayansa zaƙin tsiro ke fitowa, kamar ɓawon burodin da ya gasu da kyau, sannan ɗacin furen hop da ake sa wa giyar ya zo ya tsayar da zaƙin, ɗumin barasa ya biyo baya. Mutanen garin kan gaya wa baƙo kada ya yanke hukunci a kofin farko, wai sai a na uku harshe ke sabawa. Ma'auninsu rabin lita ne, sunansa Seidla, kuma ba a raba shi da abinci mai nauyi: kafaɗar alade gasassa, ko albasar Bamberg da ake cusa wa niƙaƙƙen nama.

Zaman mashaya na da dokokin da ba a rubuta ba. Teburan dogaye ne, baƙo zai iya zama kusa da wanda bai sani ba, muddin ya tambaya ko wurin ba kowa. Tebur guda ne ba a kusanta, wato Stammtisch, na 'yan gida masu zuwa kullum, sai wanda suka gayyata. Wanda ya iso ya tarar da abokansa a zaune yakan ƙwanƙwasa teburin da yatsu, gaisuwar kowa da kowa ke nan. In za a haɗa kofuna a ce "Prost", sai an dubi idon juna, kauda kai rashin ladabi ne. Waɗanda ba su sami wurin zama ba sukan tsaya a zaure ko a bakin titi da kofi a hannu, malamin jami'a kusa da mai gyaran famfo.

A ranar 6 ga Janairu akwai wata al'ada da suke kira shan ƙarfi a Farankoniya ta Sama, ɓangaren da Bamberg ke ciki. Ana taruwa a sha giya mai ƙarfi da nufin samun lafiya da kuzari a sabuwar shekara, wai kofi guda na kowane wata. Kofi goma sha biyu na irin wannan giya ya isa ya kwantar da ƙato a asibiti, don haka masu hankali a baki suke barin lissafin.

Mutanen Bamberg ba sa wasa da farashin abin shansu. A watan Oktoba na 1907 masu gidajen giya suka ƙara fenik ɗaya, ƙaramin kuɗin Jamus na wancan lokaci, a kan rabin lita. Jama'a suka ƙaurace musu, aka riƙa shigo da giya daga garin Forchheim da ke kusa, cikin mako guda aka janye ƙarin. Suna kiran abin da yaƙin giya har gobe.

Yau shan giya na raguwa a Jamus, matasa da dama sun koma wa marar barasa, ƙananan gidajen giya na ƙauye kuma suna rufewa idan babu magaji. Duk da haka Farankoniya ta Sama na da masana'antun giya fiye da 150, kamfanin Weyermann na Bamberg, wanda aka kafa a 1879, yana sayar wa ƙasashen duniya tsiro mai hayaƙi, ƙungiyar Slow Food kuma ta sa giyar hayaƙi ta gargajiya cikin jerin abincin da ya kamata a kare a 2017. Ɗorewar tsohuwar hanyar ta rataya ne a wuyan gidajen nan biyu da ke ci gaba da hura wutar itace da kansu.