Sanarwa a Hoto: Ƙofar da Ake Rufe wa Masu Larurar Gani

A Janairun 2024 wa'adin shekara biyar da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta bai wa gine-ginen jama'a a Najeriya ya cika. Tun da Buhari ya sa wa dokar hannu a 2019, hankali ya fi karkata ga matakala da hanyar keken guragu. Amma yau ɗalibi ko ɗan fansho ta waya yake fara shiga ofis, kuma wannan ƙofar ce aka fi toshewa, da ɗabi'ar da gyaranta ba ya cin ko sisi.

Dubi yadda sanarwa ke fita. Sakatare ya buga ta a kwamfuta, a fitar da ita a takarda, shugaba ya sa hannu, a danna hatimi. Sai wani ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ɗauke ta hoto a karkace, har da inuwar hannunsa, ya tura Facebook da WhatsApp. Rubutu ya koma hoto ke nan. Makaho mai amfani da TalkBack a Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA da ake saukewa kyauta a kwamfuta, rubutu manhajarsa ke karanta masa. In ta iso nan, sau da yawa iyakarta ta ce akwai hoto. Akwai manhajojin da ke tsamo haruffa daga hoto, amma takarda mai dishi-dishi da hatimi a kan lambobi tana rikita su, kuma ranar rufe rajista ba abin da za a yi wa cinta ba ne.

Tushen matsalar, a ganina, ba ƙarancin kuɗi ba ne. Ofisoshinmu har yanzu takarda mai hatimi suka ɗauka a matsayin magana, abin da ke kwamfuta kuwa share fage ne kawai. Shi ya sa ba wanda ke tunanin liƙa ainihin rubutun a ƙarƙashin hoton, aikin da bai kai minti guda ba.

Sakamakon shi ne makaho mai digiri ya koma neman ɗan jagora a kan wayarsa: sai ya jira ƙane ko maƙwabci ya karanta masa, har abin da ya so ya bar wa cikinsa. Kuma ba makafi kaɗai ba. Dattijon da ya ƙara girman haruffan wayarsa, hoton bai san an yi ba. Mai ɗan guntun data kuwa yana iya rasa buɗe shi ma.

Jami'ai kan ce hatimi ne ke raba sanarwar gaske da ta bogi. Da ɗan gaskiyarsu, sai dai ƙirƙirar takarda mai hatimi yanzu wasan yara ne, kuma ba wanda ya ce a cire hoton. A haɗa da rubutun kawai.

JAMB tun 2017 take da shiri na musamman don makafi masu zana jarrabawarta. Ɗalibin da ya haye ta nan, in ya shiga jami'a, zai iya tarar da jadawalin darussa a hoton allon sanarwa da wani ya tura zauren ajinsu.