Gidan da Ya Juya wa Titi Baya

Duk wanda ya taɓa bin titin Mu'izz a tsohon birnin Alƙahira da rana tsaka ya san hayaniya. Titin bai fi kimanin kilomita ɗaya ba, daga Bab al-Futuh zuwa Bab Zuwaila, amma an cusa masa tarihin shekara dubu da 'yan kai, tun daga Faɗimawan da suka kafa birnin a 969, sannan aka ɗora masa masu sayar da kayan tagulla, da masu tukwanen shisha, da samari masu ratsa jama'a a kan keke da faifan burodi a ka. Gudun rana kawai ya sa na karkata dama, jim kaɗan bayan masallacin Aƙmar, na shiga wani lungu da ake kira Darb al-Asfar. Ba na neman komai sai inuwa.

Can ciki na tarar da wata ƙofa da ba ta da wani kwarjini, da mai gadi zaune yana yankar tikiti. Na biya na shiga. Hanyar ba ta miƙe ba: duhu-duhu, sai kwana, yadda wanda ke waje ba zai taɓa hango cikin gida ba. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, aikin zaure ke nan. Ina karya kwanar sai ga ni a tsakar gida mai shuke-shuke da itatuwan dabino, benaye sun kewaye ta, tagoginsu duk an rufe da saƙar katako. Ƙarar kasuwa ta ɗauke ɗif. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sanyin da ya bugi fuskata, alhali babu fanka babu na'ura.

Gidan Suhaimi ke nan. Wani malami, Abdulwahab al-Tablawi, shi ya gina ɓangaren kudu a 1648, zamanin da Masar ke hannun Daular Usmaniyya. A 1796 Alhaji Isma'il Shalabi ya ƙara ɓangaren arewa, ya haɗe su suka zama gida ɗaya. Amma sunan bai bi ɗayansu ba. Ya bi Shehu Muhammad Amin al-Suhaimi, shugaban sashen ɗaliban Turkiyya a Azhar, wanda ya zauna a ciki har ya rasu a 1928. A 1931 hukuma ta sayi gidan daga magadansa.

Sanyin nan ba sa'a ba ce, lissafi ne. Iskar da ke sanyaya Alƙahira daga arewa take zuwa, daga wajen teku, don haka aka ɗaga wani buɗaɗɗen shirayi a bene, wanda suke kira maƙ'ad, aka fuskantar da shi arewa, maigida ya zauna da baƙinsa da yamma. A ƙasa kuma akwai takhtabush, wata rumfa da ke tsakanin wannan tsakar gida mai inuwa da babban lambun da ke baya, wanda rana ke duka. Idan iskar lambun ta yi zafi sai ta tashi sama, sai mai sanyin ta kwararo ta cikin rumfar don ta cike gurbin. Wanda ke zaune a wurin yana tsakiyar hanyar iska ne. Hassan Fathy, shahararren mai zanen gine-ginen nan na Masar, da wannan gida ya ba da misali lokacin da yake bayanin dabarar. Na zauna a kan bencin katakon da ke wurin, na ga gefen rigata yana motsi, na yarda. Na kuma tuna yadda muke zuba siminti mu kifa kwano, sannan mu kwana muna zagin masu wuta.

Saƙar katakon tagogin, mashrabiyya, ita ce ta fi cinye mini lokaci. Daga ƙasa sai ka ɗauka zane ne. Da ka hau bene ka matsa kusa sai ka ga ƙananan gutsattsarin itace ne, kowane an murza shi an fere, wasu ba su kai ɗan yatsa ba, an zura kan wannan cikin ramin wancan. An bar musu ɗan sarari, don itace yana kumbura yana motsewa da sauyin yanayi. A daidai tsayin ido saƙar ta fi matsewa, can sama ta fi buɗewa don haske. Matan gida suna ganin duk wanda ya shigo, shi ko inuwarsu ba ya gani. A irin waɗannan tagogi ake ajiye tulunan ƙasa, iska ta ratsa ta sanyaya ruwan sha.

Sauran ɗakunan na bi su da sauri, don suna da yawa kuma matattakalar tana rikita mutum. Akwai babban falo mai daɓen marmara da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, akwai ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da shuɗin tayil, akwai ɗakin wanka mai rufin da aka huda aka toshe da gilashi masu launi. A lambun baya har yanzu ga injin niƙan da dabba ke juyawa, ga na jawo ruwa daga rijiya. Gidan bai dogara da waje ba ko a garin tuwo.

Saura ƙiris a rasa shi. Ranar 12 ga Oktoba 1992 girgizar ƙasa ta afka wa Alƙahira, ta kashe mutum fiye da 500, ta tsattsaga tsofaffin gine-gine da yawa, har da wannan da dama ya riga ya gaji. Asusun Larabawa na raya tattalin arziki da zamantakewa, mai hedikwata a Kuwait, shi ya ba da kuɗin gyara, aka shafe shekaru ana aiki. Masu aikin ba su tsaya a gida ɗaya ba. Sun haɗa da maƙwabtansa, gidan Mustafa Ja'afar da gidan Kharazati, suka kuma gyara lungun kansa. Yanzu ana shirya kaɗe-kaɗen gargajiya a gidan, musamman a dararen azumi, jama'a su cika tsakar gidan da a da sai da sallama da izinin maigida ake taka ta.